Bangon Hagu na Marrowby

Marrowby, ƙarshen Satumba, 1866

Yaya Keziah,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Inna. Yaya ƙafar tata? Ki ce mata autanta yana cin abinci, yana kuma sa safar ulun da ta saƙa masa, duk da ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Mu nan lafiya lau. Lettice ta daina amai da safe, yanzu ci take kamar mai huce haushi, cikin ya fara fitowa har sai da ta saki ɗinkin farar rigarta.

Ga akwatin gilasan da na ɗauki hotuna a kansu nan na sa a jirgin ƙasa, ki buɗe shi da hannunki. Waɗanda na fi ji da su guda uku ne na cikin kangon tsohuwar majami'ar nan, duk daga wuri ɗaya na ɗauke su ina fuskantar babbar tagar gabas: na Yuni, na Yuli, da na wannan makon. Mista Ackroyd so yake ya jera su a littafinsa na kangayen 'yan zuhudu, mai kallo ya ga ginin cikin ganye, sannan ya buɗe shafi ya gan shi a fili. A dukkansu Lettice ce tsaye a gindin taga da laimarta don a gane girman wurin. Ta iya tsayuwa, ko ƙuda ya sauka a hancinta ba ta motsi sai na rufe idon kyamara.

Kin ga a hoton Yuni yadda yaɗon nan mai hawa gini ya lulluɓe bangayen biyu. Sai da na kusa cinye takalmina a ƙofar wakilin mai filin kafin ya yarda a sare shi. Yanzu an tsige shi kaf, hagu da dama, sassaƙar da 'yan zuhudu suka yi tun zamanin kakannin kakanni ta fito ras. Tsoho Metcalfe, manomin da tumakinsa ke kwana a ciki, ya daina amsa gaisuwata. Wai na tuɓe wa tsohuwa zane a gaban jama'a. Na ce masa tsohuwar ta fi kyau a haka, ya tofar da yawu ya wuce. Matarsa dai ba ta fasa kawo mana madara da man shanu ba.

Keken dokin da na mayar ɗakin duhuna yana cikin majami'ar, na raɓa shi da bangon hagu inda iska ba ta samunmu, tunda rufi kam babu shi. A ciki nake shafa wa gilashi magani, a ciki nake wanke shi, a ciki muke kwana. Dokin yana barga a gidan Metcalfe yana ƙiba.

Batun launi, don Allah kada ki bar takardun su daɗe a ruwan zinariya har su yi shuɗi-shuɗi kamar na bara. Launin ƙasa-ƙasa nake so, irin na shayi mai kauri da ba a sa wa madara ba. Mutanen birni ba sa sayen kango sai ya yi kama da abin da ya tsufa a akwatin kakarsu.

Lettice na gaishe ku.

Ƙaninki,
Jabez

Bradford, farkon Oktoba

Jabez,

Mun samu wasiƙarka da akwatin, babu gilashin da ya fashe. Ƙafar Inna tana nan yadda ka bar ta, daga gado sai kujera. Ta ce safar daidai take, ƙafafunka ne ba su zo ɗaya ba. A gaida Lettice da jiki.

Ban buga ko hoto ɗaya ba, kada ka fara yi mini tsegumi. Tun ranar da akwatin ya iso rana ba ta leƙo garin nan ba. Hadari a sama, hayaƙin masaƙu a ƙasa, da tsakar rana sai na kunna fitila. Na shafa wa takardu farin ƙwai na jera su suna jira, ni da Inna kuma mun ci gwaiduwa har mun fara jin haushin kaji. Na gwada fitar da allon bugu ɗaya saman rufi, ya wuni a can, takardar ta dawo fara kamar yadda ta tafi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu ban jira Lahadi ba. Da na rasa abin yi, sai na ɗora gilashin Yuli a kan na Satumba, na haska fitila ta ƙasa, don in ga yadda za su zauna a shafi. Hannunka ba ya kuskure, wannan na ba ka. Taga ta hau kan taga, ginshiƙi ya hau kan ginshiƙi, har dutsen da Lettice ke tsayawa a kai ya zama ɗaya. Bangon dama ma ɗaya ne tun daga ƙasa har sama. Amma bangon hagu, daga tsakiyarsa zuwa sama, ya rabu biyu. Na Satumba ya fi na Yuli sunkuyowa ciki. A gilashi bai fi kaurin zare ba, amma kai ka fi ni sanin abin da kaurin zare yake a jikin dutse.

Na share gilasan, na sake ɗorawa, na sa tabarau, na cire tabarau. Yana nan. Sai na koma wasiƙarka na ga inda ka ce kekenku yake. Jabez, bangon nan tafiya yake. Ko yaɗon ne ke riƙe da shi, ko ruwa ne ya samu hanya bayan an tsige, ban sani ba, ni ba magini ba ce. Abin da na sani shi ne a ƙarƙashinsa kuke kwana. Ka janye keken ka mayar da shi bangon dama, wanda bai motsa ba.

Kada wasiƙar ta zama duk ta tashin hankali: yaushe Lettice ta koma bahaguwa? Na ga da hannun hagu ta riƙe laima a duka hotunan. Ko sabon yayi ne na matan kudu da bai iso mana ba tukuna?

Ka amsa mini da wuri.

Yayarka,
Keziah

Marrowby, Oktoba

Yaya Keziah,

Muna lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun a tsaye.

In so kike ki ce kyamarata ta goce, ki fito ki faɗa, ba sai kin ɗora wa bango laifi ba. Turaku uku na kafa a ƙasa tun watan Yuni, a kansu ƙafafun kyamara ke sauka kowane ɗauka, ko tunkiya ba ta isa ta gusar da su ba. Na san tun da na karɓi aikin Ackroyd ba tare da shawararki ba kike neman inda zan yi tuntuɓe. Ga shi kin samu, kaurin zare.

Duk da haka, don kada ki ce na yi miki kunnen ƙashi, na ari tsani a wurin Metcalfe, na ɗaura dalma a igiya, na hau bangon hagu na sako ta a wurare da dama. A miƙe yake kamar sojan sarauniya. Na bubbuga shi, na sa kunne, na zura wuƙa tsakanin duwatsu, ko ƙasa ba ta zubo ba. Bangon nan ya ga sarakuna sun zo sun wuce, ya ga an kwashe rufinsa an sayar, ba zai jira sai ɗan masaƙa daga Bradford ya kwanta a gindinsa sannan ya tuna da faɗuwa ba. Wataƙila man da na shafa wa gilashin ne ya ja, ko kuma idonki ne ya gaji da hasken fitila. Na sha gaya miki ki rage ɗinki da yamma.

A bangon dama kuwa iska ke bugawa, ga taɓo a tsakiya, sai an nemi doki na biyu kafin a ja keken. Ba zan sa mace mai ciki a bakin iska saboda zare ba.

Maganar laima kuma, da kin bar ta. Ni dariya na yi, amma Lettice ba ta yi ba. Ta ce tun da ta shigo gidanmu ba ta taɓa yin abu daidai a idonki ba, dafa nama ba daidai ba, guga ba daidai ba, yau har riƙon laima. Ta fita ta zauna a kan kabarin wani shugaban zuhudu ta yi kukanta, da kyar na lallashe ta. Kin san halin da take ciki.

In rana ta fito ki buga mini hotunan, shi ne abin da na roƙa.

Jabez

Bradford, Oktoba

Ƙanena,

Inna na gaishe ka, jikin da sauƙi. Ka ce wa Lettice ta yi haƙuri, wasa nake, bakina ne ya fi hankalina sauri kamar kullum. In ta dawo ta dafa naman yadda take so, zan ci in yi shiru.

Ban ce kyamararka ta goce ba, kuma ka san ban ce ba. Da ta goce, da taga da ginshiƙai duk sun goce tare. Bango ɗaya ne ya bar 'yan'uwansa. Bayan wasiƙarka na zazzage akwatin da ka aiko a Agusta, na samu wani gilashi na wurin nan da ka ce in ajiye don gajimare ya ɓata samansa. Na sa shi tsakanin biyun. Jabez, bangon Agusta a tsakiya ya tsaya, ya wuce na Yuli, bai kai na Satumba ba. Man gilashi ba ya ja da tsari haka. Yanzu kuma muna tsakiyar Oktoba, ban san inda ya kai ba.

Ban san me ya sa igiyarka ba ta nuna maka ba. Wataƙila inda ka sako ta ne, wataƙila tsanin bai kai ba. Ni dai abin da idona ya gani nake faɗa, kuma tsoro nake ji. Ba na iya cin abinci. In keken gawayi ya zubar da kaya a layinmu sai in zabura in riƙe tebur. Jiya na tsinci kaina a tsakar gida ina kallon bangonmu na baya, wanda babu abin da ya same shi.

Ni na raine ka lokacin da Inna ke tsaye a masaƙa daga asuba zuwa duhu. Na san taurin kanka tun kana ƙin buɗe baki a ba ka magani. Na yi maka faɗa sau ba adadi, amma ka tuna ko na taɓa roƙonka wani abu. Yau ina roƙonka. In na yi kuskure, abin da ka yi asara wuni ɗaya ne da ɗan sanyi, ka dawo ka yi ta yi mini dariya har Kirsimeti. In kuwa ban yi ba fa?

Abin da ba za ka so ba kuma na yi shi: na gaya wa Inna. Ta ture kwanonta, ta ce ba za ta ƙara sa komai a baki ba sai ta ji ka matsa. Ka san ta, kai ka gado ta. Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka yi shi a gindin bangon dama.

Keziah

Marrowby, Oktoba

Yaya,

Ki ce wa Inna ta jawo kwanonta. Na matsa.

Kin ci nasara, ke da ita, kuma ban ga laifin haɗa kai da kuka yi mini ba. Da na karanta inda kika ce ba ki taɓa roƙona ba, na zauna na yi ta lalube ko zan tuna sau ɗaya in kama ki da shi, ban samu ba. Lettice ma ta koma bayanki. Ta ce mace ba ta ba matar ƙaninta haƙuri a rubuce sai abin ya kai abu. Ki yafe mini maganganun da na yi, zafin kai ne.

Metcalfe ya kawo dokinsa muka haɗa da nawa, muka ja keken ta cikin taɓo, ni da shi muna turawa, Lettice tana ba da umarni daga kan dutse kamar matar janar. Yanzu muna manne da bangon dama. Gaskiya wurin ya fi wancan tsabta, don tumaki ba sa kwana a nan. Metcalfe ya ce tun ƙarshen bazara suka daina, su dai suka san dalilinsu. Muna tashi suka cika inda muka bari a hagu, ko kunya babu. Hankakin da ke sheƙa a saman wannan gefen ma sun yi ƙaura, don haka babu mai tashinmu da ihu. Abin da ke damun Lettice kawai wani farin yashi ne da take samu a rufin keken kowace safiya, ta share, gobe ya dawo. Wani lokaci kuma mukan ji ɗan tsakuwa ya faɗo, ƙwas. Iska ce ke kaɗo abin da saiwar yaɗo ta bari.

Ina kallon bangonki na hagu daga ƙofar keke ina shan shayi. Kullum sai na ɗaga masa hula in tambaye shi ko yau ne. Har yanzu bai amsa ba.

Ruwa ya kama mu, ana ta yi kamar da bakin ƙwarya, kogi ya fara taɓa cikin gada. Hoto ɗaya ya rage mini, na ƙofar yamma. Da zarar an samu rana ta awa ɗaya zan ɗauke shi mu haɗa kaya. Lettice ta ce ki ajiye mata gwaiduwa, ita yanzu babu abin da ba ta ci.

Ki kwantar da hankalinki, Yaya. Na yi abin da kika ce.

Autan Inna,
Jabez

Bradford, Litinin

Jabez,

KA BAR BANGON DAMA. Ku fita daga majami'ar gaba ɗaya, kada ka tsaya ɗaukar komai. Na buga maka wayar tangaraho daga tashar jirgi, wannan wasiƙar tana bin ta ne don ka san dalili.

Yau da hantsi rana ta fito. Na kwashi allunan bugu na hau rufi da gudu, na buga na Yuli da na Satumba. Da na buɗe takardun na jera su, sai na ga bangon da ke sunkuyowa yana dama. Na ɗauka idona ne. Na dubi Lettice, laimarta na hannun dama, inda take kullum.

Ka gane abin da na yi. Duk ranakun nan gefen gilashin da ka shafa wa magani na sa yana kallon sama, don kada tebur ya karce maka aiki. Ta gefen magani nake kallon gilasan, ta inda komai ke juyewa kamar a madubi. Abin da ka koya mini tun ranar farko, abin da nake koya wa duk wanda ya taɓa gilashi a gidan nan. Da an yi rana ko ta wuni ɗaya da na gani a takarda. Tsoro ya rufe mini ido, na ga hagu na rubuta hagu. Igiyarka ba ta yi ƙarya ba, bangon da ka gwada lafiyarsa lau. A wuri mai aminci kuke, ni na tashe ku. Na roƙe ka, na sa Inna ta ƙi abinci, sai da na ga na kai ku ƙarƙashinsa.

Wasiƙarka ta jiya tana gabana. Tumaki sun gudu, hankaki sun gudu, yashi na zuba a kanku, kai kuma kana ɗaga wa bango mai lafiya hula. Na karanta ta jiya ina murmushi. Yau na sake karantawa, na ga abin da take faɗa.

Ku tafi gidan Metcalfe, ko barga ce ku kwana. Bar keken, bar kyamara, bar littafin Ackroyd. Ka zage ni daga baya, zan tsaya in ji duka. Ka rubuto mini kalma ɗaya kawai.

Keziah

Bradford, Alhamis

Jabez, Lettice,

Ban ji daga gare ku ba. Ina fata kuna lafiya, ban san me zan rubuta a wurin gaisuwa ba bayan wannan.

Kullum ina tasha. Mai buga waya ya gaji da ganina, yau ya gaya mini gaskiya: saƙona ya isa garin kasuwa mafi kusa da ku tun Litinin, amma ruwa ya tafi da gadar da ke tsakaninku da su, jakunkunan wasiƙu na nan jibge a can. Ya ce wataƙila wani makiyayi ya zagaya da su ta kan tudu in ruwa ya lafa. Na tambaye shi yaushe, ya ce shi ba shi ke riƙe da sama ba. Na so in hau jirgi in zo ko bakin kogin ne in tsaya in yi ta ihu, amma babu wanda zai ɗaga Inna ya kwantar, maƙwabciyarmu tana fama da nata marasa lafiya.

Inna ba ta san komai ba. Tun da ta ji ka matsa take cin abinci da daɗi, jiya har ƙari ta nema. Ta ce, "Kin ga amfanin babbar ya, da ba don ke ba." Na ce mata hayaƙi ne ya shiga idona.

Na wanke hotunan a ruwan zinariya don hannuna ya samu abin yi. Launin ya fito yadda kake so, shayi mai kauri. Ban taɓa yin masu kyau kamarsu ba, kuma na kifa su a tebur don ba na iya kallonsu.

Wataƙila ka gaji da iska ka koma hagu da kanka, ai ba ka cika jin magana ta daɗe ba. Ban taɓa addu'ar Allah ya sa ka yi mini taurin kai ba sai wannan makon.

Keziah

Gidan Metcalfe, Marrowby, Lahadi

Yaya Keziah,

Ni ce Lettice. Ina lafiya, abin da ke cikina ma yana motsi. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki karanta a gaban Inna.

Jabez ya rasu ranar Juma'a da yamma.

Zan faɗa miki yadda aka yi, don na san za ki so ki sani, kuma ba na son in faɗe shi da baki. Ranar Laraba bayan azahar ruwa ya ɗauke, rana ta fito. Ya yi ta murna kamar yaro, ya shafa gilashi, ya tsayar da ni a ƙofar yamma. Na tsaya yadda na saba. Ya rufe idon kyamara ya ce, "Kin yi kyau, huta." Sai ya zare gilashin ya ruga keke, kin san ba a barinsa ya bushe. Ya shiga ya ja ƙofa. Ban ko sauke laimar ba na ji ƙara kamar ana zazzage gawayi. Bangon bai farfashe ba, Yaya, kifowa ya yi gaba ɗayansa, a hankali, har na ga sama ta cikin tagoginsa tana juyawa. Na kira sunansa. A cikin duhu yake, ƙofa a rufe.

Metcalfe da mutanen ƙauye suka yi ta ɗaga duwatsu har suka kai gare shi. Da ransa, amma daga ƙirji zuwa ƙasa babu abin da ya rage daidai. Suka ɗauko shi a kan ƙyauren barga. Likita yana hayin kogi. Matar Metcalfe ta yi abin da za ta iya, Metcalfe kuma bai ce uffan kan yaɗo ba, shi ya zauna yana ba shi ruwa da cokali.

Ranar Juma'a da safe makiyayi ya iso da wayarki da wasiƙarki ta Litinin. Na karanta a waje. Na so in jefa ta a murhu, amma ya ji muryar baƙo, ya ce in dai daga Yaya ce a karanta masa. Na karanta masa duka. Kin san abin da ya yi? Dariya, har jini ya fito masa a baki. Ya ce, "Gefen magani! Tun ina ƙarƙashin dutse na gane." Ya ce in rubuta miki wannan yadda ya faɗa, ga shi: "Ki ce wa Yaya idonta bai yi ƙarya ba, bangon tafiya yake, ita kaɗai ta gani daga Bradford. Ni da nake wuni ina kallon duniya a juye cikin kyamara, ni ya kamata in tambaye ta ta wane gefe ta duba. Na ɗauki tsani zuwa bango ɗaya don in ƙaryata ta, ban taka zuwa na biyun ba." Ya kuma ce ki kai wa Ackroyd hotunan, kada su yi shuɗi.

Wannan nasa ne. Nawa kuma, ba zan yi miki ƙarya ba, ban yafe miki ba tukuna. Ina kwana ina tashi da wasiƙar da kika roƙe shi a ciki, da yadda ni ma na sa baki na ce ya bi maganarki. Amma akwai abin da ya hana ni tsine miki. Kin rubuta cewa na riƙe laima da hagu. Ke kika gani kika yi tsokana, shi ya karanta ya yi dariya, ni na ji na tafi na yi kuka. Ni na fi kowa sanin hannun da nake riƙe laimata. Da na ce ban taɓa riƙe ta da hagu ba, maimakon in tsaya lissafin abin da kika yi mini tun ranar aure, da yanzu yana nan yana damunmu da surutu. Abin yana hannunmu mu uku.

An binne shi jiya a maƙabartar ƙauye, ba a iya jiran gada ba. Keken da kyamara da gilashin ƙarshe duk sun tafi. Dokin na bar wa Metcalfe.

Ba ni da kowa a kudu da zan koma wurinsa, kuma ɗan nan naku ne. An ce za a fara haye kogi da kwalekwale, zan biyo jirgin Laraba da rana. Kada ki gaya wa Inna ke kaɗai, ki jira ni mu shiga tare. Za mu ce mata bango ya faɗi, kuma ya yi abin da aka ce masa. Sauran ya tsaya tsakanina da ke.

Ki zo tasha ki tarye ni, ba zan iya ɗaukar akwati ba. Zan tsaya a ƙarƙashin babban agogo, da laimar a hannuna na dama.

Lettice